Yadda Ake Ƙulla Labarin Bincike

Duk littafin binciken kisa da ya amsa sunansa labari biyu ne a cikin bango ɗaya. Akwai labarin yadda aka aikata laifin, wanda marubuci ya tsara wa kansa ya ɓoye. Akwai kuma labarin yadda aka tono shi, wanda ake miƙa wa mai karatu. Gwanintar tana wajen sa biyun su dace, ta yadda kowace kalma a na fili take da tushe a na ɓoye. Wanda yake son ganin yadda ake wannan aiki, to ya dubi teburin Agatha Christie, marubuciyar Ingila da ta rayu daga 1890 zuwa 1976, ta bar littattafan bincike 66.

Kayan aikinta na farko littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta. An samu guda 73 da ta bari, waɗanda John Curran ya nazarta ya wallafa bayaninsu a 2009. A ciki za ka ga jerin sunaye, kowanne da alamar tambaya. Takan ɗora laifin a kan wannan, ta ga bai zauna ba, ta soke, ta gwada wancan. Tambayoyi uku ake yi wa kowane mutum: mene ne dalilinsa, da me zai yi aika-aikar, kuma yaushe ya samu dama? Wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun ya kuɓuta. Wanda ya haɗa su duka shi ne mai laifi, amma sai an ba wasu huɗu ko biyar biyu-biyu, don zargi ya samu wurin yawo.

Daga nan sai sanin makami. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na wani asibiti a garinsu, Torquay, inda ta koyi awon magunguna da iyakar da magani yake komawa guba. Dubi abin da ta yi da wannan sani a littafinta na farko, The Mysterious Affair at Styles, wanda ya fito a 1920. Wata dattijuwa tana shan maganin ƙarin ƙarfi mai ɗauke da ɗan sinadarin sitirikinin, gwargwadon da ba ya cutarwa. Sai aka zuba garin buromaid, wani maganin barci, a cikin kwalbar. Haɗuwar biyun takan sa sitirikinin ya ware ya kwanta a gindin kwalba. Muddin mai zubawa bai girgiza ba, cokulan farko lafiya lau ne, na ƙarshe kuwa shi ke ɗauke da gubar gaba ɗaya. Ka ga mai laifi ba ya bukatar kasancewa a gidan ranar da abin zai faru. Daga wannan ƙwayar sani guda ɗaya dukan ruɗanin littafin ya tsiro.

Daidaiton nan ya taɓa ceton rai. A 1977 an kwantar da wata jaririya daga Katar a wani asibitin Landan, likitoci sun rasa gane ciwonta. Wata ma'aikaciyar jinya da ke karanta The Pale Horse, littafin Christie na 1961, ta lura cewa alamun, har da zubewar gashi, sun yi daidai da na gubar taliyam da aka siffanta a ciki. Aka gwada, aka tabbatar, yarinyar ta rayu.

Bayan makami sai agogo da taswira. Marubuci yakan ja layi a takarda, ya jera sa'o'i a gefe, sunaye a sama, ya cike kowane gurbi: wane yana ina da ƙarfe tara da kwata, wa ya gan shi, minti nawa ne daga kicin zuwa ɗakin sama. Yakan zana gidan, ƙofa da taga da matakala. Christie har ta sa irin wannan zane a cikin littafinta na farko, don mai karatu ya auna da kansa. Da wannan jadawali ake gina shaidar da wanda ake zargi zai kafa cewa ba ya wurin, da shi kuma ake gano ɗan tsagin da za a rushe ta.

Sai aiki mafi daɗi, wato dasa alamu. Marubucin nan kamar mutum ne da ya san gwanin bin sawu yana biye da shi: dole ya bar sawu na gaskiya, amma ya taka inda ido ba zai tsaya ba. A ce wani ya shigo ana tsuga ruwan sama, ya ce yanzu ya taso daga masallaci. Marubuci zai ambaci takalmansa a bakin ƙofa, a bushe, amma a tsakiyar jimlar da ta lissafa buta da tsintsiya da laima. Nan take kuma wata ta ƙwalla ihu a ɗakin ciki, hankalin mai karatu ya koma can. An faɗa masa gaskiya, shi ne bai tsaya ba. A gefe guda ana shimfiɗa sawun ɓad-da-kama: wani yana ta ƙarya, zargi ya taru a kansa, ashe bashin da ya ci yake ɓoyewa. Sharaɗin shi ne, kowace ƙarya sai an bayyana dalilinta kafin a rufe littafi.

Masu wannan sana'a sun ɗauki adalci ga mai karatu da muhimmanci. A 1929 Ronald Knox, limamin Katolika kuma marubuci, ya fitar da ƙa'idoji goma. Daga ciki: a gabatar da mai laifi tun farkon labari, kada a warware matsala da aljanu ko tsafi, kada a ƙirƙiro gubar da ba a sani ba, kuma jami'in bincike kada ya ɓoye wa mai karatu alamar da ya gani. A nan ake bambance mai haƙuri da mai gaggawa. Wanda ya ƙi wahalar jadawali, idan labari ya cije masa, sai ya jawo baƙo a shafin ƙarshe, ko ya sa mai laifi ya yi mafarki ya tona kansa.

Matakin ƙarshe na edita ne, wanda yake karanta rubutun sau biyu. Karon farko yana karantawa a matsayin wanda bai san komai ba, yana rubuta shafin da ya fara zargin kowa. Idan ya gano mai laifi tun a babi na uku, alamar ta yi ƙara, a rage mata. Karo na biyu yana farawa daga bayanin ƙarshe, ya bi kowace hujja baya har shafin da aka dasa ta. Shi ne zai lura cewa an mayar da labarin lokacin hunturu a wajen gyara, don haka busasshen takalmin nan ya daina nufin komai. Christie kanta ta amfana da wannan ido. A rubutun farko na The Mysterious Affair at Styles, jami'in bincikenta Poirot a gaban kotu ya warware sirrin, sai mawallafinta John Lane ya ce hakan ba zai yiwu a kotun gaske ba. Ta sake babin, ta tara mutanen a falo, wannan tsari kuma ya zama tambarinta.

Ga marubutanmu masu sha'awar wannan fage, kotuna da kasuwanni da rigingimun gado sun ishe mu abin rubutawa. Abin da ya rage shi ne haƙurin zama da takarda. Ka san mai laifinka, ka san makaminsa, ka ja jadawalinka, sannan ka ba wanda ba ya jin nauyinka ya tace maka kafin ka kai maɗaba'a.