Jinjina ga Masu Riƙon Tarihin Eyam

A gundumar Derbyshire ta Ingila akwai wani ƙaramin ƙauye, Eyam, wanda annoba ta shiga a 1665 cikin ƙunshin yadin da aka aiko wa wani tela daga Landan. Limamin cocin ƙauyen, William Mompesson, ya shawo kan jama'a suka killace kansu don kada cutar ta kai ga maƙwabta. Kimanin mutum 260 suka rasu.

Jinjinata ga waɗanda suka hana labarin nan ɓacewa: 'yan sa-kai masu kula da gidan tarihin ƙauyen, da masu bin tsofaffin rajistocin cocin ƙauyen, St Lawrence, suna tantance sunan kowane mamaci, da masu gyaran kaburbura ko da ana ruwa da sanyi. Ba a buga musu tambari, ba su kuma nema ba. Da ba don su ba, wa zai gane dutsen nan mai ramuka a bakin ƙauye, inda a lokacin annobar ake jefa kuɗi cikin ruwan tsami a karɓi abinci? Wa zai san filin da wata mata mai suna Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas? Har yau, ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta, ana tara jama'a a wani wuri mai suna Cucklet Delf don addu'ar tunawa.