Kalmar "Ubangiji" a Tarjamar Alƙur'ani ta Abubakar Gumi

Sunan Allah bai ba masu fassara zuwa Hausa wahala ba, domin Hausa ta aro shi daga Larabci tun da daɗewa, har ya shiga gaisuwa da rantsuwa da karin magana. Inda aiki yake shi ne kalmar "Rabb", wadda ta zo fiye da sau 900 a cikin Alƙur'ani. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi (ya rasu a 1992), a tarjamarsa da aka fara bugawa a 1979, ya bi abin da malaman zaure suka saba a wajen tafsiri, ya fassara ta da "Ubangiji".

Ta fuskar ƙirar kalma, "ubangiji" harɗaɗɗen suna ne: uba, da mahaɗi -n, da giji, wanda ake dangantawa da gida. Asalin ma'anarta shi ne mai mallakar bawa, kuma takwararta ta mace ita ce "uwargijiya". Ta nan zaɓin ya dace ƙwarai, saboda Larabci yana haɗa "rabb" da "abd" kamar yadda Hausa take haɗa ubangiji da bawa. Bahaushen da ya kira kansa bawan Allah ya riga ya san matsayin kowane ɓangare. Wani zai iya tsarguwa da "uba" da ke cikin kalmar, ganin cewa Suratul Ikhlas ta kore wa Allah haihuwa. Sai dai kalmar ta daskare, kunnen mai magana ba ya jin uba a cikinta.

Amma akwai abin da ya zube a hanya. Malaman tafsiri sukan danganta "Rabb" da tarbiyya, wato reno da kula da abu daki-daki har ya kai ga cikarsa. "Ubangiji" ta ɗauko mallaka da iko, ta bar renon a baya.

Matsalar ta fi fitowa fili a Suratu Yusuf. A can an yi amfani da "rabb" ga sarkin Masar, a aya ta 41 da ta 42 da ta 50. Gumi ya raba kalmar biyu, ya ba ɗan Adam "ubangida", ya keɓe wa Allah "Ubangiji". Wannan ya tsare mai karatu daga ruɗani, kuma ya yi daidai da Hausar yau. To, amma Larabcin da kalma ɗaya ya yi aiki, kuma a ƙarshen aya ta 42 malamai sun saɓa: shin mai shayarwar ne Shaiɗan ya mantar da shi ambaton Yusuf a wurin ubangidansa, ko kuwa Yusuf ne ya shagala da ambaton Ubangijinsa? Larabci ya bar ƙofofin biyu a buɗe. Mai fassara da Hausa kuwa dole ya rufe ɗaya, domin da zarar ya rubuta "-gida" ko "-giji" ya riga ya yi tafsiri, ko ya so ko bai so ba.

Rubutun boko ya ƙara nasa. Babban baƙi a "Ubangiji" da "Shi" da "Ya" yana nuna wa ido wanda ake nufi. Ajami ba shi da wannan bambanci, haka ma wanda yake sauraron tafsiri a rediyo ba ya jin babban baƙi.