Gwanintar da Ke Bayan Ledar Jini

Kafin likita ya ɗauki wuƙar tiyata, akwai aikin da aka riga aka kammala a ɗakin gwaje-gwaje, kuma ran majinyaci ya dogara a kansa. Aikin shi ne tanadin jini.

Ma'aikacin bankin jini yakan fara da tantance rukunin jinin majinyaci, ilimin da Karl Landsteiner ya buɗe ƙofarsa a Vienna a 1901. Ko rukuni ya zo ɗaya, ba ya sakankancewa. Sai ya ɗebi ruwan jinin majinyaci, ya haɗa da ƙwayoyin jinin ledar da za a ƙara masa a 'yar kwalba, ya ɗumama su daidai zafin jiki, digiri 37. Bayan na'ura ta juya su, ya ɗaga kwalbar wajen haske yana kaɗa ta a hankali. In ƙwayoyin suka dunƙule kamar gudaji a kunu, ledar nan ba tasa ba ce. In suka watse sumul, jini ya dace.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanin adadin da za a nema. Ledar da aka gwada wa mutum ta zama tasa, ba mai taɓa ta, alhali kwanakinta na ƙarewa: jini yakan yi kwana 35 ko 42 ne kawai a firji, a sanyin digiri 2 zuwa 6. Shi ya sa a 1976 Bruce Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fito da jadawalin da ke nuna jinin da kowace irin tiyata take ci. Aikin gwaiwa, sanin rukuni da binciken jinin majinyaci sun wadatar. Aikin zuciya kuwa sai an jera ledoji.

A asibitocinmu, inda sau da yawa sai an ce wa dangi su nemo masu ba da jini, wannan lissafi ceton rai ne. Ledar da ba a tsare a banza ba, ita za ta samu matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa.

A bakin gado ma ba a gaggawa. Ma'aikata biyu su karanta suna da lamba, su gwada da na jikin leda. Nas ta tsaya a kan majinyaci minti 15 na farko tana lura da zazzaɓi ko rawar ɗari, kuma leda ba ta wuce awa 4 a rataye. Masu wannan aiki sun cancanci godiyar da muke yi wa likitan tiyata.