WA ZAI ZUBA WA MOTAR FURSUNA MAI?

'Yan'uwana mata, na san da yawanmu in muka ji an ce gwamnati na kashe kuɗi wajen ɗaukar fursunoni zuwa kotu, sai mu taɓe baki mu ce, "Yanzu a kan ɓarayi za a ƙone mai?" To ni dai ban yarda da wannan magana ba, ga kuma dalilina.

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Ki ɗauka mutumin Kunci ne faɗan iyakar gona ya rutsa da shi, aka kai shi ajiya Kurmawa ko Goron Dutse a birnin Kano. Ranar zama alƙali ya hau kujera, sai a ce mota ba mai, a ɗage. Wata ya zama shekara, damina ta wuce ba shuka. Wa ke ji a jika? Matarsa mana! Ita za ta sai da akuyarta da kwallayen ɗakinta don ta je ganinsa.

Rowa a wannan fanni har rai take ci. A 1980, mutum kusan 50 ne suka mutu a Legas saboda rashin iska, bayan an cusa su cikin baƙar motar 'yan sanda guda ɗaya.

A 2019 an canza wa gidan yari suna, wai gidan gyaran hali. Madalla, amma fa suna ba ya tada mota. A 2023 da aka janye tallafin mai, a shekarar aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci. Ashe ba kuɗin ne babu ba. A 2023 ɗin kuma aka gyara tsarin mulki, jihohi suka samu ikon gudanar da nasu gidajen yarin, don haka Kano ma ba ta da uzuri.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya kulle mutum shi ke da alhakin kai shi gaban alƙali a kan lokaci. A ware kuɗin, a bayyana wa jama'a yadda aka kashe su. Mu kuma in masu neman ƙuri'a suka shigo da atamfa da sabulu, mu yi musu wannan tambayar, don ba wadda ta san abin da gobe za ta haifa.

Allah Ya raba mu da ƙaddarar gidan kaso, amin.