Mai Kallon Yatsa

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa mutane da yawa koyon tura kuɗi ta waya. Ɗauki dattijo mai sayar da wake a Sorau, can ƙasar Mubi dab da iyakar Kamaru. Ya danna lambobin banki, waya ta nemi lambar asusu, ya sa hannu aljihu yana laluben takardar da aka rubuta masa. Kafin ya warware ta, allo ya rufe. Sai ya ce, "Ni dai kaina ba ya ɗaukar abin nan."

Akwai masu sana'ar da ba su yarda da wannan magana ba. Aikinsu gano inda manhaja ke sa mutum tuntuɓe, kuma a wurinsu laifin na manhajar ne.

Gwani a cikinsu zama yake gefen mutum, ya ce, "Baba, tura wa ɗanka dubu biyar, kana yi kana faɗin abin da ke ranka." Daga nan sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Nan wuyar take, don mai tausayi hannu zai miƙa ya nuna, alhali da ya nuna ya binne abin da ya zo nema. Idonsa na kan yatsa: ina ya tsaya yana shawagi, ina ya koma baya. A haka zai lura 5000 da 50000 kusan kamarsu ɗaya idan babu waƙafi. Zai ga kalmar amincewa da ta sokewa a Turanci harafi ɗaya suka fara da shi, ga su kafaɗa da kafaɗa. Zai ga rubutu mai toka-toka ya ɓace a hasken rana a kasuwa, kan fasasshen gilashi.

Jakob Nielsen, ɗan ƙasar Denmak, ya fitar da ƙa'idoji goma na wannan bincike a 1994, ciki har da cewa manhaja ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki. A 2000 ya rubuta cewa gwaji da mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsaloli. Na yarda, amma su wane ne biyar ɗin? Matasa biyar a ofis a Legas, da sabis mai ƙarfi, ba mai laluben takarda a aljihu cikinsu. Sai wanda ya zauna kan benci da Baba zai koma ya ce wa masu haɗa manhajar su ƙara lokacin jira, su sa waƙafi, su nuna sunan mai karɓa da manyan baƙaƙe kafin kuɗi su fita.