Fuskar da Ba Ta Ba da Labari: Wasan Poka da Unguwannin Dare na New Orleans

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Akwai wasan karta guda da aka gina kacokan a kan ƙaryata wannan magana, shi ne wanda Amurkawa ke kira poka. Gwanin wasan, ko katin da zai tsiyata shi ya ɗauko, ko wanda zai cika masa aljihu, kallo iri ɗaya zai yi maka. Caca ce, kuma matsayin caca a wurin Musulmi a bayyane yake cikin Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida. Duk da haka wasan ya cancanci nazari, don ya shiga jinin al'umma guda, daga fadar shugaban ƙasa har ɗakin girkin leburori, yanzu kuma wayar hannu ta kai shi ko'ina.

Tsarinsa ba wuya. Ana raba wa kowa kati a kife. Sai a bi layi: ko ka zuba kuɗi daidai da na wanda ya gabace ka, ko ka ƙara a kai, ko ka ajiye katinka ka haƙura da abin da ka riga ka zuba. In mutum biyu ko fiye suka kai ƙarshe, a buɗe, mai kati mafi ƙarfi ya kwashe. Amma in kowa ya janye aka bar mutum ɗaya, zai kwashe tulin ba tare da ya nuna wa kowa abin da ke hannunsa ba. Duk sirrin poka yana cikin wannan ƙa'ida ta ƙarshe, domin ita ce ta buɗe ƙofar burga. Mutum na riƙe da tarkace, ya tura kuɗi mai yawa tsakiya, ya tsare ka da ido, kai mai kati nagari gabanka ya faɗi ka ajiye. A kwalin kati 52 ana iya haɗa hannu mai kati biyar iri 2,598,960, kuma masu lissafi sun san nauyin kowanne. Lissafin nan kowa zai iya haddacewa. Abin da ba ya haddatuwa shi ne mutumin da ke zaune gabanka. Wannan ne ya ja hankalin masanin lissafi John von Neumann, har ya ware wa burgar poka babban sashe a littafin da suka fitar da Oskar Morgenstern a 1944, wanda ya kafa ilimin nazarin dabarun gasa.

Wasa irin wannan yana buƙatar baƙi. Wanda kuka tashi tare ya san yadda muryarka ke rawa in ka yi ƙarya, baƙo bai sani ba. Shi ya sa ban yi mamakin inda aka haifi poka ba. New Orleans gari ne da Faransawa suka kafa a 1718 kusa da bakin kogin Mississippi, ya koma hannun Sifaniya, ya dawo wa Faransa, sannan Amurka ta saye shi a 1803 cikin cinikin yankin Louisiana kan dala miliyan 15. Faransawan garin suna da wasan karta mai burga da suke kira poque, kuma yawancin masana daga nan suke ganin sunan ya fito. Wani ɗan wasan kwaikwayo Baturen Ingila, Joseph Cowell, ya ba da labarin yadda ya ga ana yin sa a 1829: mutum huɗu, kati 20 kacal, kowa biyar. Daga baya aka koma cikakken kwali don a samu wurin ƙarin mutane.

Su waye mutanen? Manoma da 'yan kwale-kwale ne daga can saman kogi, daga Kentucky da Ohio da Tennessee. Su loda masara da naman alade da taba a kan faffaɗan jirgin katako, ruwa ya gangaro da su makonni. In sun iso su sayar da kaya, su sayar da jirgin ma a matsayin katako, tunda ba ya iya hawa kogi, sannan su kama hanyar gida a ƙafa. Tsakanin sayarwa da tafiya akwai 'yan kwanaki da saurayi ke yawo da gumin shekara guda a aljihu, a garin da ba mai sanin ubansa. Unguwanni suka tsiro don waɗannan kwanaki. Akwai wadda ake kira Swamp, wato fadama, a wajen titin Girod, akwai kuma titin Gallatin kusa da kasuwar Faransawa: masaukai masu arha, giya, mata, da tebur. Duk wanda ya san yadda bakin babbar tasha yake bayan isha'i a ranar kasuwa zai gane hoton. Da jirgi mai tururi ya fara isowa garin a 1812, teburin ya hau ruwa, 'yan damfara suka mai da jiragen gidajensu. Ɗaya daga cikinsu, Jonathan Green, ya tuba ya rubuta littafin tonon asirin sana'ar a 1843.

Akwai abin da masu ba da tarihin poka da sha'awa kan tsallake, ni kuwa ba na iya tsallake shi. Manyan kuɗin da ke zagaya teburan manya a wancan zamani kuɗin auduga ne da rake, kuma New Orleans ita ce kasuwar bayi mafi girma a Amurka kafin yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. Tulin da mai gona ya tura tsakiya cikin murmushi, jikokin mutanen Afirka ne suka noma shi da bulala a bayansu. Yaƙin kansa shi ya gama yaɗa wasan, don sojojin ɓangarorin biyu sun koye shi a sansani suka koma da shi garuruwansu.

A 1897 hukumar birnin ta ga ba ta iya hana masha'a, sai ta yi mata shinge. Wani kansila, Sidney Story, ya kawo dokar da ta keɓe unguwa guda a bayan titin Basin, jama'a kuma suka laƙaba mata sunansa, Storyville, abin da bai yi masa daɗi ba. Shekara 20 ta yi. Ana tuna ta yau saboda kiɗan jaz: Jelly Roll Morton ya kaɗa fiyano a gidajenta, Louis Armstrong yana yaro ya kai gawayi ƙofofinta. Sai dai Morton ɗin nan, kamar yadda ya shaida wa mai tattara waƙoƙin gargajiya Alan Lomax a hirarsu ta 1938, ya ci abinci da karta kamar yadda ya ci da kiɗa. Makaɗi da ɗan caca layi ɗaya suke tsaye, suna jiran aljihun baƙo ɗaya. A 1917, da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko, rundunar sojan ruwa ta matsa aka rufe unguwar, kuma wajen 1940 aka rushe yawancinta aka gina gidajen gwamnati na Iberville.

Da aka kori wasan daga titi, gida ya shige. Nan ne al'adar 'yan koyo ta kafu, irin mutanen da ke da sana'arsu da rana: abokai biyar ko shida, dare ɗaya a mako, teburin cin abinci, kuɗi kaɗan. A jihohi da dama doka na kau da kai daga irin wannan zama muddin mai gida bai yanki kamasho ba. Masu kare al'adar suna cewa zumunci ne, kuma ban musa cewa akwai shi ba. Namijin Ba'amurke da ba shi da majalisa a ƙofar gida, wannan tebur shi ne majalisarsa. Shugaba Harry Truman ma haka yake tara abokansa.

Wanda ya fi kowa ganin cikin wannan ɗaki shi ne marubuci Tennessee Williams, wanda ya zauna a tsohuwar unguwar Faransawa ta New Orleans. Wasan kwaikwayonsa na 1947, A Streetcar Named Desire, da farko sunan daren poka ya so ba shi. A fitowa ta uku maza huɗu na zaune a ɗakin girki a titin Elysian Fields, ga kwalaben giya, ga yankan kankana, dare ya raba. Mai gidan, Stanley, ana cin sa, don haka ba ya son kowa ya tashi. Abokinsa Mitch na son tafiya saboda mahaifiyarsa ba lafiya, ana yi masa ba'a. Matar gidan, Stella, mai juna biyu, ta dawo da yayarta Blanche. Aka kunna rediyo. Stanley ya fizge ta ya wurga ta taga, ya kai wa matarsa duka, abokan suka danne shi suka tura shi ƙarƙashin famfon wanka. A ƙarshen wasan, lokacin da likita ya zo tafiya da Blanche asibitin masu taɓin hankali, mazan nan dai suna kan tebur ana raba kati. A ganina Williams ya kama abin da ya faru daidai. An ɗauko wasan da aka ƙera don cin baƙo aka ajiye shi tsakanin aminai, a ɗakin da iyali ke kwana bayan labule. Ko kuɗin bai taka kara ya karya ba, wanda aka ci ya san abokinsa ya dube shi ido cikin ido ya yaudare shi, kuma haushin sai ya sami inda zai sauka.

Sauran tarihin ya faru a wani wuri. Gasar duniya ta fara a 1970 a gidan cacar Binion da ke Las Vegas. A 2003 wani akawu daga Tennessee, Chris Moneymaker, ya samu kujera ta hanyar ƙaramar gasa a intanet, ya doke mutum 838, ya tafi da dala miliyan 2.5. Kowane ɗan koyo ya ce in shi ya iya, ni ma zan iya. Zuwa 2006 masu shiga babbar gasar sun kai 8,773. Ƙwararru suna da sunan da suke kiran irin waɗannan sababbin shiga: kifi. Poka ba ta haifar da ko sisi, hannu kawai kuɗin ke sauyawa, gidan caca kuma na yankar kasonsa daga tuli bayan tuli. In har akwai masu ci kullum, to akwai masu ciyar da su, kuma su ne mafi yawa. Wannan ne ya sa nake ƙin yarda da masu cewa tunda wasan na ƙwarewa ne ya fita daga sahun caca. Ƙwarewar gaskiya ce, amma aikinta shi ne tabbatar da wanda za a ci.

Unguwar Faransawa kuwa ta tsira daga abin da ya sami Storyville, don tun 1936 aka ba birnin ikon kare gine-ginenta, ambaliyar Katrina ta 2005 ma ba ta yi mata ɓarna sosai ba saboda tana kan tudu. Titin Bourbon na nan da fitilunsa, 'yan yawon buɗe ido na ta kai-komo da kofunan roba a hannu. Injinan poka na allo, waɗanda jihar Louisiana ta halatta a 1991, suna lungun mashaya, mutum shi kaɗai yana danna maɓalli, babu fuskar da zai karanta. Teburan gaske sun koma ƙarƙashin rufi ɗaya, a babban gidan cacar da aka buɗe a 1999 da sunan Harrah's, wanda yanzu ake kira Caesars. Yana ƙarshen titin Canal, tafiyar 'yan mintoci daga gaɓar da jiragen katako ke ɗaurewa. Da yamma za ka ga masu halartar taro daga wasu jihohi, katin shaida na rataye a wuyansu, suna canza daloli zuwa ƙwayoyin roba, suna neman kujera kusa da mutanen da ba su taɓa gani ba.