Ranar da ake wasa da gemun jarumi

Yaron da ya taso a gidan Hausawa a Njamena da Hausa yake magana da uwarsa, da Larabcin Chadi yake ciniki a kasuwa, katun ɗin Batman kuwa da Faransanci ko Larabci yake iso masa ta tauraron ɗan Adam. Naushi ba ya buƙatar tafinta, shi ya sa ko ƙaninsa da bai shiga makaranta ba yana bin faɗan. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wani kashi da kan faɗo jefi-jefi a irin waɗannan shirye-shirye, inda ake ajiye ceton duniya a gefe, a mai da jarumi abin dariya. Manya da dama na ɗaukarsa cikon benci. Ni ina ganin a nan ne gwanintar marubuci take bayyana.

A 1992 aka fara nuna jerin katun ɗin Batman na Bruce Timm da Eric Radomski a Amurka. A shekarar ne Paul Dini ya rubuta kashin da ake kira Almost Got 'Im. Abokan gabar Batman biyar ne zaune suna karta, kowa na ba da labarin ranar da saura ƙiris ya hallaka shi. Two-Face ya ɗaure shi a jikin wani ƙaton kwabo. Penguin ya sakar masa tsuntsaye masu dafi a baki. Joker ya ɗora shi kan kujerar lantarki da dariyar 'yan kallo ke ƙara wa wuta. Shi kuwa Killer Croc, iyakar bajintarsa dutse ya jefa masa. Duk wanda ya taɓa zama inda mafarauta ke cika baki bayan an dawo daga daji ya san wannan zama: kowa zakinsa ya fi na wani girma, kuma kullum da ƙyar ya kuɓuce. Sai can ƙarshe a gane wannan dolon mai dutse Batman ne ya ɓad da kama, ya zo jin inda aka ɓoye Catwoman. Dariyar da aka yi masa ita ce tarkon. Kusan ba a tashi daga teburin ba, amma an fi sanin halin kowane mugu fiye da a kashi goma na doke-doke.

Mu ba baƙin wannan dabara ba ne. Fada tana da wawan sarki, wanda shi kaɗai ke faɗin abin da fadawa ke haɗiyewa. Tsakanin Bafulatani da Babarbare, waɗanda ke zaman maƙwabtaka a Njamena kamar yadda suke yi a Borno, akwai wasan da ke halatta wa yaro ya tsokani dattijo ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Wasan ba ya rage girman dattijon, yana dai nuna cewa shi ma mutum ne. Haka Dini ya yi a 2004 cikin Justice League Unlimited: matsafiya Circe ta rikiɗar da Wonder Woman ta zama alade, kuma sharaɗin warware sihirin shi ne Batman, mutumin da ko murmushi rowarsa yake yi, ya hau dandamali ya rera waƙa. Ya rera. Abin da bakinsa ba zai taɓa furtawa ba game da Wonder Woman, waƙar ta tona.

Na Superman ya fi kusa da tatsuniya. A wani kashi na 1997, wani ɗan tsurut mai sihiri, Mxyzptlk, ya addabe shi, kuma ba a rabuwa da shi sai an yaudare shi ya ambaci sunansa a juye, sannan ya ɓace na kwana 90. Ƙarfin da ke ɗaga jirgi bai tsinana komai ba a nan. Dole mai ƙarfi ya ari wayon Gizo, abin da yaron da kakarsa ke yi wa gatanan gatananku zai gane tun kafin a fassara masa.

Sai dai irin wannan wasa gishiri ne, ba a cin sa tsura. Teen Titans Go!, da aka fara a 2013, ya mai da kowane kashi barkwanci, kuma ba na jin daɗinsa kamar waɗancan. Idan duk fada wawaye ne, wa za a tsokana? Waƙar Batman ta yi tasiri ne saboda shekaru goma sha biyu da aka yi ana ganinsa fuska a murtuke.

Akwai kuma asarar da ake yi a hanya. Barkwancin da ya dogara da juya kalma yakan mutu wajen fassara daga Turanci zuwa Faransanci, balle ya isa kunnen yaron da Faransancin ma a aji ya tsince shi. Wanda ke tsira shi ne na hali: mai cika baki da ya sha kunya, babba da aka sa shi rawa. Shi ne yara ke ɗauka su fita da shi ƙofar gida in wuta ta ɗauke, ɗaya ya zama Joker, ɗaya Penguin, a yi ta gardamar wanda zai zama mai dutse, tunda kowa ya riga ya san ko wane ne a cikin rigar.